Iri Mai Barci Ba Matacce Ba Ne

Karatu: Markus 4:26-29, Yakubu 5:7-8, 1 Korantiyawa 3:5-9
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:9
Manufa: Mu gane cewa jinkirin tsiro ba shi ne mutuwar iri ba, mu kuma rarrabe aikin da yake namu da wanda yake na Allah.

Gabatarwa

 Kafin ka ci gaba, ɗauki Littafinka Mai Tsarki ka karanta wuraren da aka nuna a sama, in da hali da murya, domin na kusa da kai ma su amfana.

Darasin nan domin wanda ya gaji ne. Mai yiwuwa ke uwa ce a Nima ko Mamobi. Kin kai yaronki makarantar Lahadi tun yana goye, ya haddace ayoyi, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, amma yau ya daina zuwa sujada, yana kwana a lungu da abokan shaye-shaye. Mai yiwuwa shekara goma ke nan kina durƙusawa saboda maigidanki, ba ki ga ko alamar sakewa ba. Ko kuwa kai mai bishara ne, mutum ashirin ɗin da kuka fara sujada da Hausa tare a ɗakin wata makaranta su ne dai har yanzu, wasu ma sun koma arewa. Tambayar da take cin ranku ɗaya ce: shin irin da na shuka ya mutu ne?

Markus ne kaɗai ya rubuta mana misalin da muka karanta. Manomi ya watsa irinsa ya koma gida. Kwanaki suna wucewa, shi yana harkokinsa, iri kuma yana nasa aiki a ɓoye, ta hanyar da manomin kansa bai sani ba. Luka 8:11 ya nuna mana cewa irin nan Maganar Allah ce. Tun da Ubangiji da kansa ya zaɓi iri ya zama malaminmu, bari mu zauna mu duba yadda Mahalicci ya yi shi.

1. Rai a cikin buhu

In ka shiga kasuwar Nima ranar Laraba, wadda ake kira Kasuwan Mamudu, za ka ga buhunan gero, dawa, masara, wake da gujiya jibge, waɗanda manyan motoci suka sauke daga arewa. Mai saye yana ganin tuwo da koko da ƙosai. Amma kowace ƙwaya mai kyau da take cikin mudun nan rayayya ce. Jiƙa ƙwayar wake ɗaya ta kwana, ka ɓare ta biyu, za ka ga ɗan ƙaramin tsiro kwance, da saiwarsa da ganyensa ƙanana. Sauran jikin ƙwayar guzurinsa ne, ɓawon kuwa shi ne katangarsa. Sa'ad da ƙwaya take nuna a gona sai ta bushe, har ruwan jikinta ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma. Numfashinta yakan ragu ƙwarai, har ba mai iya ganewa da ido. Ga ta kamar tsakuwa, amma da rai.

Ka lura, jiran iri kashi biyu ne. Akwai irin da ruwa kawai yake jira, kamar masara da wake. Naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, kafin kwana huɗu sun fito da saiwa. Akwai kuma irin da za ka ba shi ruwa, da iska, da ɗumi, da ƙasa mai kyau, amma ya yi shiru abinsa. Wannan shi ne masana aikin gona suke kira barcin iri. An kulle shi ne, makullin kuwa yakan kasance a waje ko a ciki.

Na waje shi ne ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. Tambayi matan da suke yin daddawa: sukan dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, awa goma sha biyu ko fiye kafin ɓawon ya saki. Haka guntsun kuka yake, haka 'ya'yan gawo da na bagaruwa. Na ciki kuwa wani sinadari ne da yake cikin ƙwaya, sunansa absisik asid, aikinsa shi ne ya ce wa tsiro, “Dakata.” Akwai kuma wani mai suna jibarelin, wanda yake ce masa, “Tashi.” Muddin na farkon ya fi ƙarfi, ƙwaya ba za ta motsa ba. Da tafiyar lokaci ƙarfinsa yakan ragu, na biyun ya rinjaya.

In ranar ta zo, ƙwaya takan sha ruwa ta kumbura, ɓawo ya tsage, garin da yake cikinta ya fara narkewa ya zama sukari domin ciyar da tsiro. Shi ya sa tsiron hatsi yake da zaƙi, masu dama kunun zaƙi sun san wannan. Abin da yake fara fitowa kuwa saiwa ce, ta nufi ƙasa. Sai ta kafu tukuna kan tsiron ya ɓullo sama. Saboda haka akwai kwanakin da aiki ya riga ya yi nisa, amma wanda yake tsaye a bakin gona bai ga komai ba sai ƙasa.

2. Barcin nan jinƙai ne

Me ya sa Allah ya sa wa iri makulli? Duk wanda ya taso a Bawku, ko Katsina, ko Maraɗi, ya san ruwan yaudara. Hadari yakan taso a ƙarshen bazara a sheƙa ruwa sau ɗaya, sa'an nan sama ta rufe har mako uku. Busasshiyar ƙwaya tana iya jure zafin rana da fari wata da watanni. Amma ranar da ta tsira, ba komawa baya: in ruwa ya yanke, cikin 'yan kwanaki ta ƙone. Da a ce dukan 'ya'yan itatuwa da ciyayin daji sukan tashi da yayyafin farko, da fari ɗaya ya share su duka. Sai Mahalicci ya sa ba su tashi tare. Waɗansu bana, waɗansu baɗi, waɗansu sai bayan shekaru. In na bana sun ƙone, akwai saura a ƙasa.

Barcin nan kuma shi ne yake hana hatsi tsirowa tun yana kan zangarniya. Manoman gyaɗa sun san asarar da ake yi da waɗansu irin gyaɗa masu saurin nuna, waɗanda ba su da barci: in ruwan ƙarshen damina ya same su ba a cire ba, sai su tsira cikin ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

A cikin surar da muka karanta, Markus 4:5-6 da 16-17, irin da ya fi saurin tsirowa shi ne wanda ya faɗi a kan dutse. Shi ne kuma ya riga ƙonewa da rana ta yi zafi, domin ba shi da saiwa. Mu 'yan adam muna son ganin hannuwa a sama a daren taron farkawa, mu ƙidaya mu rubuta. Allah kuwa saiwa yake dubawa.

Dubi Nikodimu. A Yahaya 3 ya zo wurin Yesu da dare, ya ji zancen sabuwar haihuwa, ya tafi ba mu ji ya ce ya gaskata ba. A Yahaya 7:50-51 ya buɗe baki kaɗan a gaban 'yan majalisa. Sai a Yahaya 19:39, ranar da almajirai da yawa suka ɓuya, ga shi a fili ɗauke da kayan ƙanshi domin jana'izar Ubangiji. Dubi kuma 'yan'uwan Yesu. Gida ɗaya suka tashi da shi, duk da haka Yahaya 7:5 ya ce ba su gaskata da shi ba. Amma a Ayyukan Manzanni 1:14 ga su cikin masu addu'a, daga baya kuma Bulus ya lasafta Yakubu cikin ginshiƙan ikilisiya (Galatiyawa 2:9). 'Yar'uwa, in a gidan da Yesu kansa ya girma iri ya yi barci shekaru, kada ki ɗauka jinkirin da yake gidanki shaida ce cewa Allah ya yashe ki.

3. Abubuwa uku da suke tashe iri

Jira ba zaman banza ba ne. Manomi yana da abin yi, sai dai da sani da awo.

Na ɗaya, ruwan zafi na ɗan lokaci. Tuwon zafi ba ya cika sai da miyar ayoyo, wanda a Kano ake ce wa lalo. Irin ayoyo ƙanana ne, amma ɓawonsu tauri gare shi, in ka watsa su haka nan kaɗan ne za su fito. Dabarar masu lambu ita ce, a ƙulle irin cikin ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a ciro, a shanya a inuwa, sa'an nan a shuka. Zafin yakan buɗe wa ruwa hanya. Amma in ka manta da shi a tukunya, ka dafa shi ke nan, ba zai ƙara tsirowa ba har abada.

Haka tsawatawa take. Akwai lokacin da ƙauna za ta sa ka gaya wa ɗanka ko ɗan'uwanka gaskiya mai zafi. Faɗe ta sarai, a taƙaice, ka ciro shi daga ruwan, ka sa shi a inuwa. Iyaye da yawa sun dafa irin da suka shuka da hannunsu: faɗa da safe, gori da rana, wa'azi da dare, har yaro ya ƙi jinin jin sunan majami'a. Karanta gargaɗin da aka yi wa iyaye maza a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21.

Na biyu, sanyi da haske. A Dzorwulu, ƙarƙashin manyan turakun lantarki, akwai lambunan da suke ciyar da Akra da latas da kabeji da albasa mai ganye, da yawa daga cikin manoman kuwa 'yan arewa ne mazauna zango. Irin latas yana da hali na dabam. In zafin ƙasa ya haura wajen digiri 30, yawancinsa yakan ƙi tsirowa, ko da an ba shi ruwa, har ma ya koma barci mai nauyi. Ba ya kuma son a binne shi da zurfi, domin yana bukatar haske. Saboda haka mai dabara yakan shuka da yamma, ya yayyafa ƙasa kaɗan a kai, ya yi wa fangalin rumfa da ciyawa, ya riƙa ba shi ruwa domin ƙasa ta huce.

Akwai zukatan da ba za su buɗe a gida mai zafi ba. A gidajenmu na haya, inda iyali goma suke tarayya da famfo ɗaya da tsakar gida ɗaya, maƙwabta suna jin yadda kike amsa wa maigidanki, suna ganin yadda kake biyan bashi, da ko kana fitowa ranar kwashe kwata. Bitrus ya gaya wa matan aure cewa hali yana iya rinjayar miji ba tare da yawan magana ba (1 Bitrus 3:1-2), ya kuma ce in an tambaye mu dalilin begenmu mu amsa da tawali'u da girmamawa (3:15-16). Yawancin maƙwabtanmu a zango Musulmi ne, muna cin abincin sallarsu, suna zuwa mana gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Gardama da zagin abin da mutum yake girmamawa ba su taɓa tsirar da komai ba. Zama maƙwabcin kirki saboda Allah, ko an saurare ka ko ba a saurare ka ba.

Na uku, hanya mai wuya. 'Ya'yan gawo sukan daɗe a ƙasa ba su motsa ba. Amma in saniya ko akuya ta ci kwanson, ƙwayoyin da suka kuɓuta daga haƙoranta sukan bi ta cikinta, ɓawonsu ya yi laushi, su fito tare da taki, ruwa na sauka su tsira. Wannan aikin ba manomi ne yake yinsa ba. Ɗan nan na Luka 15 ya san gidan ubansa sarai tun yana yaro, amma sai da yunwa ta kai shi wurin kiwon aladu kafin abin da ya sani ya farka a zuciyarsa. Uban bai bi shi da sanda ba, bai kuwa rufe ƙofa ba. Ba naka ba ne ka roƙa wa kowa masifa. In kuwa ka ga wanda kake yi wa addu'a ya shiga matsi, kada ka ce ta ƙare. Tsaya kusa, ka bar ƙofa a buɗe.

4. Har yaushe?

Tsakanin 1963 da 1965 masu tonon kayan tarihi sun yi aiki a Masada, kagarar da sarki Hirudus ya gina kusa da Tekun Gishiri. Cikin abubuwan da suka samu har da ƙwallayen dabino, waɗanda awo ya nuna sun kai shekara wajen 2,000, wato tun wajen zamanin da Ubangiji ya yi wannan misali. Aka ajiye su shekara arba'in. A 2005 wata masaniyar tsirrai mai suna Elaine Solowey ta jiƙa uku a ruwan ɗumi, ta sa musu jibarelin ɗin nan da muka ambata, ta shuka. Ɗaya ya tsira. Aka sa masa suna Metusela, sunan mutumin da ya yi shekara 969 (Farawa 5:27). Da ya girma sai aka tarar namiji ne, ba ya 'ya'ya. Daga baya aka tsirar da waɗansu tsofaffin ƙwallaye daga wannan yanki, aka sami mace aka sa mata suna Hannatu, aka barbara ta da garin furen Metusela. A 2020 aka tsinki dabino fiye da ɗari a kanta, mutane suka ci.

Ba sai mun je nesa ba ma. Daga Nima zuwa Osu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A can ne masu bishara huɗu na Mishan ɗin Basel suka sauka a watan Disamba na 1828. Kafin shekara ta kewayo uku sun mutu, na huɗun ya bi su a 1831. A 1832 aka aiko uku, biyu suka mutu cikin 'yan watanni, saura Andreas Riis, wanda ya hau dutse zuwa Akropong a 1835. Da ya koma gida a 1840, shekara goma sha biyu ke nan ana aiki, kaburbura takwas, babu ikilisiya ko ɗaya da za a nuna. Shugabannin mishan suka yi tunanin rufe aikin. Amma a 1843 Riis ya dawo tare da Kiristoci baƙar fata daga Jamaika, suka zauna cikin jama'a suna noma suna koyarwa. A 1848 aka buɗe makarantar horar da malamai a Akropong. A 1871 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da harshen Twi. Daga wannan aiki ne Ikilisiyar Presbyterian ta Gana ta fito. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna amsa sunan Kirista. Mutum takwas ɗin nan ba wanda ya ga ko ganye ɗaya. Wani ya shuka, wani ya yi banruwa, Allah ne ya sa girma, kamar yadda muka karanta a 1 Korantiyawa 3.

Dole mu faɗi gaskiya a nan: ba kowane iri ne yake tsirowa ba. Wani tsuntsu ya tsince, wani ƙwaro ya huda, wani ya ruɓe. Cikin ƙwallaye uku na Masada ɗaya ne ya tashi. Masu binciken iri suna da wani ruwan magani, tetrazoliyam, wanda in an yanka ƙwaya an jiƙa a ciki, mai rai takan yi ja, matacciya ta zauna fara. Amma ba a ba mu irin wannan magani domin zuciyar mutum ba. Ubangiji ne kaɗai ya san nasa (2 Timoti 2:19). Saboda haka ba mu da ikon yi maka alkawarin rana ko wata, kai ma ba ka da ikon yanke hukunci cewa wane ya wuce ceto. Muddin yana numfashi, ci gaba da banruwa.

5. Gargaɗi biyu

Na farko: mugun iri ma ya iya barci. Manoman dawa da gero sun san wuta-wuta, wadda waɗansu suke kira ƙuduji. Irinta kamar ƙura yake, gindi ɗaya yakan zubar da dubbai masu yawa, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tashi sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa. Da sun ji sai su tsira, su manne wa saiwar, su yi ta tsotso a ɓoye makonni kafin kyakkyawan furen nan ya bayyana a sama. Lokacin da manomi ya gan shi, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Haka riƙo yake, haka tsohuwar sha'awa, haka ƙiyayyar kabila da muka taso da ita daga gida. Kana tsammani ta mutu tun ranar da aka yi maka baftisma, ashe jira take. Ranar rabon gado, ko ranar zaɓen dattawan ikilisiya, sai ga ta. Ibraniyawa 12:15 ya gargaɗe mu game da saiwar ɗaci wadda takan ƙazantar da mutane da yawa. Manomi yakan tuge wuta-wuta kafin ta zubar da iri, ya ƙone. Yakan kuma shuka auduga ko waken soya a gonar, domin saiwarsu tana tashe irin wuta-wuta amma ba ta ba shi wurin kamawa, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Kai ma kada ka jira ranar gwaji. Tashe abin da kanka a gaban Allah, ka kira shi da sunansa, ka tuba, ka je ka shirya da ɗan'uwanka.

Na biyu: akwai irin da ba ya jira ko kaɗan. Tetteh Quarshie, maƙeri Bagaye, ya kawo koko, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong a 1879. Irin koko ba shi da barci. In an fasa kwanso dole a shuka da wuri, in ya bushe ya mutu. Goro ma ba ya son bushewa, shi ya sa kakanninmu fatake da suka bi hanyar Salaga suke naɗe shi cikin ɗanyen ganye suna yayyafa masa ruwa har Kano. Ɗan'uwa, zancen barcin iri ta'aziyya ce ga mai shuka. Kada ka mai da shi hujjar jinkirta taka tuba. In kana jin Ruhu Mai Tsarki yana taɓa zuciyarka sa'ad da kake sauraron shirinmu ko kake karanta wannan takarda, ɗauke shi kamar irin koko. Karanta 2 Korantiyawa 6:2 da Ibraniyawa 3:15. Yi haƙuri da jinkirin waɗansu, amma kada ka yi wasa da naka.

6. Binne

A ƙasar Hausa, kafin ruwa ya sauka, manomi yakan ɗauki geron da ya hana 'ya'yansa ci a lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, ya je ya shuka a busasshiyar ƙasa. Sunan wannan shuka binne. Kalmar da muke faɗi ke nan in mun kai ɗan'uwa maƙabarta. Mai binnen gero ba ya zaman makoki, sama yake dubawa.

A Yahaya 12:24 Yesu ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar alkama wadda dole ta shiga ƙasa kafin ta yi 'ya'ya masu yawa. Ran Jumma'a aka binne shi. Ran Asabar ba wanda ya ga alamar komai, almajirai suna ɓoye, mata suna jira da kayan shafe gawa. Ran Lahadi kabari ya buɗe. Saboda wannan ne Bulus ya kira jikin mai bi abin shuka a 1 Korantiyawa 15:35-44, ya kuma kira waɗanda suka mutu cikin Almasihu masu barci (1 Tasalonikawa 4:13-14). In ka taɓa tsayawa a maƙabartar Awudome kana kuka a kan wanda ya rasu cikin bangaskiya, sani cewa binne aka yi. Allahn da ya tashe Ɗansa bai manta da inda kowace ƙwaya take ba, ko wadda take kabari, ko wadda take zuciyar ɗanka.

Abin yi a wannan mako

1. Rubuta sunayen mutum uku da ka fid da zuciya a kansu, ka sa takardar cikin Littafinka, ka riƙa yi musu addu'a kowace safiya.
2. Daina tona iri kullum don ka ga ko ya tsira. Zaɓi abin kirki ɗaya da za ka yi wa kowannensu ba tare da wa'azi ba.
3. Tare da yaran gida, sa ƙwayar wake goma da irin ayoyo goma cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ku riƙa dubawa har mako ɗaya, sa'an nan ka karanta musu Markus 4:26-29.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Markus 4:26-29, mene ne aikin manomi, mene ne kuma ba nasa ba?
2. Yakubu 5:7-8 ya ambaci ruwan farko da na ƙarshe. Me mai jira zai riƙa yi tsakaninsu?
3. Ta yaya za mu gane cewa tsawatawarmu ta wuce awo?
4. Wace wuta-wuta ce take iya kwanciya cikin ikilisiyarmu ko zumuntarmu ba mu sani ba?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, Ubangijin girbi, mun gode maka domin ka ɓoye rai cikin ƙaramar ƙwaya. Ka ga waɗanda suka gaji da jira. Ka ƙarfafa hannuwansu su ci gaba da shuka da banruwa. Ka tsare bakinmu kada mu dafa abin da muka shuka. Ka tuge kowace saiwar ɗaci daga zuciyarmu, ka ba mu zaman salama da maƙwabtanmu. Ka tuna da 'ya'yanmu da suka yi nisa, ka tashe Maganarka a cikinsu a lokacin da ka ga ya dace. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Karatun kowace rana: Litinin, Ishaya 55:6-13. Talata, Mai Hadishi 11:1-6. Laraba, Zabura 126. Alhamis, Luka 15:11-32. Jumma'a, Yahaya 12:20-26. Asabar, 1 Korantiyawa 15:35-58. Lahadi, Galatiyawa 6:1-10.